Kujerar da Na Ba Zabiya

A unguwarmu a Gumel aka haife ta, gida huɗu ne tsakaninmu. Ina yarinya tana kiɗan ƙwarya a gidajen biki. Kafin in gama makarantar horon malamai muryarta ta cika rediyo, har mutanen Damagaram na neman kaset ɗinta a kasuwar Maigatari. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar. Da waƙar nan ta ciyar da su, ta sa matan cikinsu a makaranta, ta gina gidan da ba wanda ya isa ya ce mata ta fita. Tun ina ƙarama ita nake so in zama, ko da yake ni in na rera waƙa har kajin gidanmu watsewa suke yi.

Shekarar da aka ɗora mini shirya bikin yaye ɗalibai a makarantar 'yan matan da nake koyarwa, shugaban makaranta ya ce in nemo mace abin koyi ta yi wa yara jawabi. Likita yake nufi, ko matar wani babba. Ni kuwa na rubuta sunan zabiyarmu. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, zabiya fa? A gaban manyan baƙi?"

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi mace wadda ta tsaya da ƙafarta."

"Ki yi tunani dai. Masu canja wa malamai wurin aiki suna cikin baƙin."

Ya san inda ya taɓa. Inna, mahaifiyata, tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, makarantar kuma a bayan gidanmu take. Da an fita hutun ƙarfe tara nake leƙawa in juya ta, in ba ta koko. Duk da haka na aika da katin gayyata.

A garinmu maroƙi ba ya zama a rumfar manya. Gefe yake tsayawa ya yi kirari, a liƙa masa kuɗi a goshi, ya ja baya. Ni na ajiye mata kujera a sahun gaba, kusa da wani Alhaji cikin manyan da ke duba makarantu. Ta zo ba ƙwarya ba 'yan amshi, da mayafi ruwan toka, ta zauna daram.

Da aka kira ta ta miƙe, ko sallama ba ta gama ba Alhajin ya taso ya manna mata sabuwar takardar kuɗi a goshi. Ban ce mugunta ce ba, hannunsa ne ya saba. Ta cire ta a hankali, ta ninke, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Alhaji, a yi haƙuri. Yau ba roƙo na zo ba, gayyatata aka yi."

'Yan mata suka ɓarke da tafi, malamai na harararsu suna ƙarawa. Ta yi musu magana a kan riƙe sana'a, da yadda mace ke cewa a'a ba tare da zagi ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Washegari shugaba ya ce Alhaji ya ji kunya, in rubuta takardar ban haƙuri maganar ta mutu.

"In rubuta me, ranka ya daɗe? Na yi kuskure da na ba baƙuwa kujera?"

Na fito ina cika ina batsewa, amma a ƙofar gida na tuna da halin da Inna ke ciki. Na zauna a bakin gadon Inna na gaya mata komai. Da rabin bakin da ya rage mata ta ce, "Kada ki rubuta."

Ba a yi wata biyu ba aka tura ni wani ƙauye bayan Gagarawa Tasha. Kullum da sassafe nake hawa acaɓa, sai la'asar in dawo, maƙwabciyarmu ke juya Inna. Wata Talata ina gaban allo aka kira ni a waya, kafin in iso Gumel an rufe wa Inna fuska.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadama. Baƙin ciki dai na yi, har gobe ina yinsa. Nadama kuwa, wanda ya sa hannu a takardar canjin ya je ya yi ta.