Filibus Tela da Tawul ɗin Alhamis Mai Tsarki

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Talata, cikin Mako Mai Tsarki, mu huɗu ne a ofishin Fada, kuma zaman nan bai taɓa fita daga raina ba. Akwai Fada kansa, limamin cocinmu na Katolika a nan cikin Gombe. Akwai Baba Ayuba, shugaban majalisar coci, wanda kowa ke kira Ciyaman. Akwai Mama Rifkatu ta Zumuntar Mata. Sai ni, katikis, wato mai koyar da addini da shirya hidimar bagade, teburin ibada da ke gaban coci.

Bari in fara da tsarin aikin, saboda sababbin katikis da waɗanda ba 'yan cocinmu ba. Ranar Alhamis kafin Ista, Fada yakan ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, kamar yadda Ubangiji ya yi wa manzanninsa. Katikis ne ke zaɓo mutanen daga ƙungiyoyin coci, a kira sunayensu gaban jama'a ranar Lahadin Dabino, wadda ke buɗe makon. Buta ɗaya, daro ɗaya, tawul ɗaya. A cocinmu daga dama ake farawa, kuma kujerar farko ta Ciyaman ce.

A wannan shekarar na zaɓi Filibus daga ƙungiyar mawaƙa. Tela ne a Kumbiya-Kumbiya. Ba ya latti, ba ya fashin Misa, wato babbar ibadarmu, shi ke ɗinka mayafan bagade. An kira sunansa ranar Lahadi. Talata sai ga Ciyaman da Mama.

"Fada, a cire yaron nan," in ji Ciyaman.

"Me ya yi, Baba?"

Ciyaman ya dubi gicciyen da ke bango, ya rage murya. "Neman maza."

"Wa ya gani?"

"Ai kowa ya sani."

"Shi Kowa ɗin, a wace unguwa yake? Sai in aika a kira shi."

Mama Rifkatu ta gyara ɗankwali ta karɓe. "Fada, 'yan mata uku na tura masa, ɗaya ma nas ce. Ya gwada su, ya ɗinka musu riga, ya sallame su. Shekara arba'in ba mata. Ga miyar kuka da yake yi, Allah na gani ta fi tawa. Wannan namiji ne?"

"Mama, ni ma na haura arba'in, ba ni da mata, kuma ni ke dafa taliyata."

"Ai kai Fada ne."

"To, na gode wa farar rigata."

Daga nan Fada ya daina wasa, ya faɗa musu koyarwar Ikklisiya, wadda ni ma ita nake koyarwa kuma ban taɓa sassauta ta don kowa ba. Kashi biyu ce. Na farko, namiji ya kwana da namiji zunubi ne, kamar yadda kwana da matar da ba taka ba zunubi ne, kuma duk wanda ba shi da aure kame kai ne ya hau kansa. Na biyu, mutumin da ya sami zuciyarsa tana karkata can, karkatar ba ita ce aikatawa ba. Ɗan Ikklisiya ne, a karɓe shi da mutunci da tausayi, kada a ware shi bisa zalunci. Ciyaman ya haddace kashi na farko tun yana saurayi. Na biyun kuwa, da alama duk ranar da ake koyar da shi yana ban-ɗaki.

"Sunan da aka kira gaban bagade ba zan janye shi saboda miyar kuka ba," in ji Fada.

Ku fahimci abin da ke ƙasa. A garin nan, in aka kira sunan mutum ranar Lahadi, ranar Alhamis aka ga wani a kujerarsa bayan irin wannan raɗa, to coci ta yanke hukunci ke nan ba tare da ta buɗe baki ba. Kafin Asabar mai gidan haya ya watso masa kaya waje. Abin da zai biyo baya a titi, ba sai na faɗa ba.

Da Ciyaman ya ga cirewa ta gagara, sai ya kawo wata dabara. A sa Filibus a kujerar ƙarshe ta hagu, yadda tawul zai gama da ƙafafun mutanen kirki kafin ya taɓa tasa. Ga Ciyaman, mutumin da ya yi ritaya a matsayin darakta, yana bayani a natse kamar abin ƙazuwa ce da ke bin zaren tawul.

Fada ya ce, "Ku jera kujeru yadda kuka ga dama."

Washegari ina goge fitilun bagade sai ga Filibus, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Baba Katikis, ko in ce ba ni da lafiya?"

"Ba ka da lafiyar?"

"Lafiyata ƙalau. Amma mai gidana ya fara tambayata me ake faɗa a cocinmu."

"In ka ƙi zuwa, kai ka sa wa maganarsu hannu. Ƙarfe biyar, farar riga, ka yanke farce."

Ban tambaye shi ko gaskiya ne ba, shi ma bai faɗa ba. Har yau ban sani ba. Akwai kujerar furta zunubi da ake faɗin irin wannan, Fada ne ke zama a kanta, kuma abin da ya shiga kunnensa a can ba ya fitowa.

Ranar Alhamis coci ta cika har waje. Mutanen da rabona da su tun Kirsimeti sun zo, kuma ba wa'azi ya kawo su ba. Mutum goma sha biyun nan, manzanninmu na ranar, suka zauna, Ciyaman a dama cikin babbar riga, ya cire takalmi yana kaɗa yatsu. Filibus a can ƙarshen hagu, idonsa a ƙasa.

Bayan wa'azi Fada ya cire rigar Misa, na ɗaura masa tawul, na ɗauki buta da daro na nufi dama. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Katikis, nan."

Ya riga ya durƙusa gaban Filibus.

Ni mutum ne mai son tsari. Na sunkuya na raɗa masa, "Fada, daga dama ake farawa."

"A ina aka rubuta?"

Na duba kaina, babu. Al'adarmu ce kawai. Na miƙa buta.

Ya zuba ruwa, ya wanke, ya goge har tsakanin yatsu, ya sumbaci ƙafar. Filibus ya rufe fuska da hannu. Daga nan Fada ya matsa gaba, da tawul ɗin nan dai. Na kusa da Filibus ya dubi Ciyaman, Ciyaman ya dubi silin, shi kuwa ya miƙa ƙafa. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mawaƙa sun kai ƙarshen waƙa suka sake ɗaukowa.

Da aka iso kujerar farko tawul ya jiƙe sharkaf. Ƙafar Ciyaman ta shige ƙarƙashin kujera. Fada ya durƙusa ya jira. Hanya biyu ta rage wa dattijon: ya miƙa ƙafa, ko ya tashi ya gaya wa coci guda dalilin ƙin miƙawa, da baki, da suna, da shaida. Shaidarsa kuwa miyar kuka ce. Ƙafar ta fito a hankali kamar kunkuru.

Bayan Misa Ciyaman ya tare ni a bakin ƙofa. "Da kai aka ƙulla wannan."

"Baba, ni dama na nufa. Kowa ya gani."

Ba abin da ya same shi. Ya je gida da ƙafarsa, matarsa ɗaya har yanzu.

Mai gidan Filibus bai kore shi ba, domin labarin da ya isa Kumbiya-Kumbiya shi ne da shi Fada ya fara. Amma kada ku ɗauka bakin mutane ya mutu. Matan zumunta sun kwashe ɗinkinsu sun kai wa wani tela a Barunde, wanda ya yi musu anko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, suka sa a haka suna cewa sabon yayi ne. Filibus ya bar mawaƙa ya koma bencin baya.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mutanenmu sun fi tsoron a gan su kusa da wanda ake zargi fiye da tsoron zunubin kansa. Fada kuma sau ɗaya yake wanke ƙafa a shekara. Sauran Lahadin namu ne.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karanta wannan, katikis ne kai ko mai kula da layi ko mai zuwa Misa kawai. In Fada ya ce a ba juna gaisuwar salama, na lura a daidai lokacin ne maƙwabtan Filibus ke tuna igiyar takalminsu ta kwance. Ka bar wurinka, ka taka zuwa bencin baya, ka miƙa masa hannu, ka kira sunansa yadda na kusa za su ji.