Baba Bunu Mai Tace Ruwa da Rawani

Mutanen Azare da kewaye, salamu alaikum. Ku matso, yau ba tsiya na kawo ba, labarin Baba Bunu Babarbare ne, mai jido wa ɗakin magani na hukumar En'e ruwa, wanda gwiwa ta sa ya ajiye garwa a watan nan.

Kullum da sassafe yana bakin tabki da farin ƙyallensa, ruwa ba ya shiga randa sai ya tace. Tun ranar da likita Bature ya sa shi leƙa madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, ya ga ɗigon ruwa guda cike da 'yan halittu masu ɓawo suna tsalle, Baba bai sake sha da ka ba. Likita ya ce su ke ɗauke da kurkunu, wai danginsu na nan har ƙarshen duniya, cikin tabkunan gishiri masu ƙanƙara. Baba ya ce, "To can ma ba a tsira ba, ina ga Katagum?"

Mu kuwa sai tsokana. "Baba, yau nawa ka kama?" Ya ce, "Sun isa miyar gidanku."

Abin da mutanen Gololo ba su manta ba shi ne ranar suna a gidan amininsa Hammawa, Bafillacen da kurkunu ya kwantar damina guda, ciyawa ta cinye masa gona. Aka kawo wa Baba ruwan baƙunta a ƙwarya. Kun san dai mayar da ruwan nan zagi ne. Baba ya warware jelar rawaninsa, ya rufe bakin wata ƙwarya, ya tace a gaban jama'a.

Hammawa ya ce, "Babarbare, ruwan gidana ne ƙazanta?"

"Ruwanka lafiya lau, Fillo, dabbobinka ne a ciki. Kai har a ƙwarya sai ka yi kiwo?"

Kowa ya yi dariya, ban da mai gida. Ya daina amsa gaisuwar Baba. Amma Dijatu matarsa ta gani, ta ware kallabi ɗaya don tace ruwan randa. Da shekara ta zagayo, Hammawa da ƙafarsa ya yi noma. Damin gero kawai ya aiko wa Baba.

Baba, kai ne ka yarda amini ya yi fushi da kai don ƙafarsa ta taka gona. Mun gode, Allah ya huce gwiwa. Mu kuma ƙyalle dai ba ya gagarar kowa.

To ku fa, da ku aka miƙa wa ƙwaryar nan, mai gida na kallonku, sha za ku yi ko tacewa?