Manjan da Nake Ƙonawa

A shekarun kiriz, lokacin matsin tattalin arziki, aka sallame ni daga ofis a unguwar Bali, man gyaɗa ya fi ƙarfinmu. Babana kuwa, duk daɗewarsa a unguwar New Bell, bai taɓa yarda manja abinci ne ba. Sai maƙwabciyarmu ta koya mini dabara: a ɗora manja a wuta ya yi ta hayaƙi har jan ya fita, ya koma kamar man gyaɗa. Can ƙarshen tsakar gida nake yi, ina tari ina hawaye, don kada Baba ya san inda muka kai.

Yana da gyambo a ƙwauri da ya ƙi warkewa. Ran nan a asibiti, nas ɗin da ke wanke masa ta ja ni gefe ta tambayi abin da yake ci. Na faɗa mata, har da ɗan alfahari.

"Kai, ma sœur, 'yar'uwa! Ƙonannen mai?" in ji ta. "Akwai sojoji cikin jini masu yaƙi da ciwo, kuma da man da mutum ya ci suke gina jikinsu. Wani mai yana kwantar da kumburi, wani yana tayar da shi. Ki ba shi kifin makaro. Manja kuma ki bar shi da jansa."

Kaina ya ɗaure. A makaranta an ce mana manja yana toshe jijiya. Inna, kafin ta rasu, man shanu take ba majinyaci. Yanzu kuma kifin da Baba ke kira abincin 'yan dako shi ne magani? Na taka har unguwar Kassalafam ban san na wuce gida ba. Abin da ke cina ɗaya ne: ko ni ce na hana ƙafar nan warkewa?

Washegari na yi miya jawur da makaro, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Yau babu hayaƙi ke nan," ya ce.

Na ɗago na dube shi.

"Tun bara nake shaƙarsa, 'yar nan. Na yi shiru ne don kada ki ji kunya."

Ya sa hannu ya ci. Gyambon ya rufe bayan damina. Har yau ban sani ba ko kifin ne, ko maganin asibiti. Shekara guda dai muka yi, ni da shi, muna cin ƙonannen mai don kunyar juna.