Tabarmar da Inna ta warware

A kakar shekarar da na shiga aji uku a lakol, wata Lahadi da hantsi, na dawo daga rijiya na tarar da Inna zaune gindin rumbu tana warware tabarmar da ta yi kwanaki tana saƙa. Ta kaba ce, mai ja da kore, wadda Baba zai kai kasuwar Cadawa. Na sauke tulu na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Ba ki ga ta karkace ba? Layin nan ya yi doro." Wallahi layin nan miƙe yake sambal. Na faɗa mata, ta ce in rufe mata baki, yaushe aka haife ni.

Dama Inna ba ta ganin nesa tun tana yarinya. Akuyarmu in ta shigo gida, sai ta ce maraba da baƙo. Amma abu na kusa, ko tsakuwa ɗaya ba ta tsere mata cikin gero, don hancinta kusan taɓa faifai yake. Ni ma na gado ta. A aji ina zama daf da tablo, babban allon malam, ina ƙanƙance ido, yara na cewa shinshinar littafi nake, ba karatu ba. Abin na ƙona mini rai, sai in rama a carafke, inda ba mai cinye ni. Korar tsuntsaye a gona kuwa, sai dai in ji tashinsu, Baba na ta faɗa.

Idon Inna bai yi ja ba, bai yi ciwo ba, bai zubar da ruwa ba. An sa kwalli, an sha rubutu, shiru. Ita da kanta ta gano na dama ne ke lanƙwasa mata abubuwa, sai ta riƙa runtse shi tana saƙa da na hagu. Haka ya tsaya shekara da shekaru, bai ƙaru ba bai ragu ba, har aka yi bikin yayata, har na gama lakol. Sai da ta manyanta wani baƙin ɗigo ya zauna tsakiyar idon na dama. In ta dube ka da shi, ta ga kunnuwanka, ba ta ga hancinka ba. Na hagun kuwa ya raka ta har kabari. Takan ce, "Wanda ya bar maka ɗaya bai ƙi ka ba."

Bara na fara ganin bakin ƙofar ɗakina ya lanƙwashe. A Maraɗi likita ya ɗauki hoton cikin idona, ya ce idon irinmu dogo ne, yana jan shimfiɗar da ke can bayansa har ta rabe kamar ganyen albasa. Ya ce ga mutane da yawa takan tsaya haka shekaru, wasu kuma ta ci gaba har ta huje. In riƙa zuwa ana dubawa, in gani ya ragu a yi aiki. Na tambaye shi ni a wane ɓangare nake, ya ce lokaci ne zai nuna.

Yanzu kowace safiya sai na rufe ido ɗaya na gwada ɗayan, ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Ina da tabarau, ina da likita, na san sunan ciwon. Inna ba ta san ko ɗaya ba, ta yi rayuwarta tana dariya. Wannan natsuwar tata ce ban gada ba.