Ka Tafi Ka Bar Masu Ciki a Tsakiyar Zafi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda makiyaya ke kira Mai Inuwa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Yaya, da tsokana aka laƙaba maka sunan nan. Masu katako sun yi ta sintiri a kan itatuwan bayan garkenmu, ka ce ko reshe ba za a taɓa ba. Ni ma na sha ce maka ka fi son itace da 'yan'uwa. Sai ka yi dariya ka ce, "Kai kana da fanka. Saniya mai ciki fa?" Ba ka taɓa yarda masu ciki su yi kiwo da rana tsaka ba, da sanyin safiya ake fita, kafin ƙasa ta ɗau zafi an dawo. Shekarar da ciyawa ta ƙone, shanun maƙwabcinmu suka dinga ɓari, kai ka kira shi ka ce ya kawo su inuwarka, su sha ruwanka. Jiya ya zo gaisuwa yana kuka.

Duk shekara kakan ware bijimi na wasu watanni, don kada haihuwa ta faɗo cikin bazara. Bara da damina, kana kwance a asibiti, bijimin ya karya shinge ya shiga cikin shanu. Da ka ji, ba ka yi wa kowa faɗa ba, amma abin ya tsaya maka a rai. Ko a ciwon ƙarshe, in ka farfaɗo, tambayarka ɗaya ce: "Sun fara haki?"

Sun fara, Yaya. Shekaranjiya ɗaya ta haihu, maraƙin ko miƙewa bai yi ba ya mutu. Sauran ma cikinsu ya tsufa, kuma maruƙan nan su ne ci da karatun marayunka. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ka a inuwarsa ranar da babu wata. Allah Ya ba Inna, da matarka, da yaranka haƙurin rashinka.

Masu zuwa gaisuwa, in kun tarar da tabarmata babu kowa, ku yafe ni. Ina garke, ina watsa wa masu ciki ruwa.