Gorar da Inna Ta Tafi da Ita Makka

Shekarar da kujerar Makka ta fito wa Inna, mahaifiyata, saura kaɗan mu ɓata da ita a kan gishirin da bai cika bakin cokali ba.

Daga Giginyu na ɗauko ta zuwa gidanmu a Nassarawa, don likita ya ce in ba ta fara motsa gwiwoyinta ba, a keken guragu za a tura ta ɗawafi. Ta ƙare masa kallo ta ce, "Ɗan nan, da ƙafar nan na yi ta zuwa asibiti haihuwa, da ita zan zaga ɗakin Allah." A ranar na ɗaura niyyar sai na cika mata wannan magana.

Muka fara fita bayan sallar asuba. Unguwarmu kuwa ba a tafiya a ƙasa sai masu gadi da masu ban ruwan fulawa. Ga shi lokacin hukuma ta hana matan gari hawa acaɓa, duk wanda ya hango mata biyu cikin hijabi sai ya ɗauka abin hawa muka rasa. Mota ta tsaya, gilashi ya sauka: "Hajiya, ku shigo in rage muku hanya." Inna ta ce, "Ban je ba tukuna, shirin zuwan nake yi." Haka muke wucewa muna haki a gindin katangun da aka lulluɓe da hotunan 'yan takara.

Da zafi ya shigo sai abin ya ɓaci. Zufa ta riƙa jiƙa ta sharkaf, ta sha ruwa ta sha, amma jiri bai bar ta ba. Wata safiya sharaɓarta ta ƙulle a ƙofar wani gida, mai gadi ya kawo mata benci, daga ƙarshe a mota aka mai da mu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar ni na kayar da ita.

Maƙwabciyata, wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Zariya da ke gudu kowace safiya, da ta ji labari sai ta fara tambayata ko Inna na da hawan jini. Na ce babu. Ta ce to zufa da gishirin jiki take fita, ruwa zalla ba ya mayar da shi, in sa ɗan gishiri da ɗan zaƙi ta riƙa kurɓa a hanya.

Na haɗa a gora na kai mata. Kurɓa ɗaya ta furzar. "Ruwan yara masu zawo za ki ba ni? Ni fa na koya miki haɗa shi!"

Ban haƙura ba, taurin kan nan a wurinta na gada. Na jiƙa tsamiya na tace, na sa zuma, na daka citta, na matsa lemon tsami, duk don in ɓoye gishirin. Maigidana ya zama ɗan ɗanɗano, har ya fara sulalewa in ya ji ƙarar turmi. Ranar da na cika tsamiya, zawon da Inna ke ƙyamar a danganta ta da shi ya kusa samunta, ta wuni tana harara ta. Da ta sake ture gorar, haushi ya kwashe ni na ce, "Wallahi Inna, in ba ki sha ba keken nan za ki hau."

Idonta ya ciko. Can ta ce, "Miƙo." Ta kurɓa, ta juya shi a baki. "Kin ɗauka ban san da gishirin ba? Rage zumar, ki jefa kanumfari. Girki ma sai an koya miki."

Daga nan ita ke tsaye a kaina ina haɗawa. Tafiyarmu ta riƙa tsawo, har masu motocin suka gane mu suka koma ɗaga mana hannu. Da tafiya ta matso, na shanya tsamiya na daka da sukari da citta da gishiri, na ƙulla mata a 'yan ledoji, na haɗa da gorar.

Ranar da ta dawo, gida ya cika da 'yan barka. Na kasa tambayarta ko da ƙafarta ta yi ɗawafin, tsoron amsar nake ji. Sai da aka watse ta miƙe ƙafafunta a tabarma, duk sun yi kaushi sun tsattsage, ta bar ni na kalle su son raina. Sannan ta zaro gorar daga jaka, cike da zamzam.

"Sha, 'yar nan," ta ce. "Ashe shi ma da ɗan gishiri-gishirinsa."