Ranar da Ingila Ta Zo Ƙofar Mata

Har yau in na ji ƙamshin jemammiyar fata, zauren kakana a Sheshe nake tunawa. Baduku ne, amma rabin aikinsa ɗinkin ƙwallon yaran unguwa ne, kyauta. Da ƙuruciya shi ma ya buga, ƙafa ba takalmi.

Abin mamaki, ba ya kallon gasar duniya, ko a rediyo ba ya saurare. Ya ce yana saurayi aka shirya ta a Ingila, aka ce Afirka duk faɗinta ba ta isa gurbi guda ba, sai ta yi takara da wasu nahiyoyin a kan ɗaya tak. Ƙasashenmu suka haɗa baki suka ƙi zuwa. Su sun huce daga baya, shi bai huce ba.

"Sai ranar da Turawan suka tako garin nan da ƙafarsu," in ji shi.

A bazarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, an gama zaɓe ke nan, sai ga gasar matasa ta duniya a ƙasarmu. An taɓa ba mu aka ƙwace, shi ya sa kakana bai yarda ba sai da aka ce yaran Ingila za su kara da na Kamaru a filin Ƙofar Mata.

Matsalar, yanar ido ta rufe masa gani. Babana ya ce, "Baba, ga rana ga turmutsutsu, me za ka gani?"

"Ni na ce gani zan yi? Su nake so su gan ni."

Kakata ce ta raba gardama, ta fito masa da babbar rigarsa ta Juma'a. Amininsa, tsohon mai tsaron raga, ya riƙe masa hannu, ni da babana muna biye.

Aminin ne idonsa, yana faɗa masa duk inda ƙwallo ta nufa. Da Kamaru ta zura ƙwallo filin ya kaure da ihu, na juyo in ga murnarsa. Bai ko miƙe ba. Hawaye na bin gemunsa, yana ta murza hannun abokin nasa.

Da aka tashi ya ce wa aminin, "Malam, yaran Turawan nan, an ba su ruwa kuwa? Ranar Kano ba a saba mata kwana ɗaya. 'Ya'yan wasu ne fa."

Bai ga daminar baɗi ba.

Yanzu Afirka na da gurabe da yawa, gasar manya ma ta zo nahiyar. Yaran layinmu kuwa rigunan ƙungiyoyin Turai suke sawa, har dambe suke a kansu a gidan kallo. Na ba ɗana labarin nan, ya saurara tsaf, sannan ya tambaye ni wace ƙungiya kakan nawa yake goyon baya.